Kwat ɗin Sojan da Bai Dawo Ba

Ku samarin unguwar Hindawiyya na yanzu, wallahi kuna ba ni dariya. Kuna leƙowa shago ku gan ni zaune gaban keke, fanka na kaɗawa, kofin shayi a gefe, sai ku ce, "Ammu Haruna, wannan ai aikin hutu ne, taka ka ja." To ku zauna. Kun ce Hausa kuna ji, mayarwa ce ke ba ku wuya, saboda haka yau ku yi shiru ni in yi magana. Zan ba ku labarin kwat guda ɗaya, wadda in da na ɓata ta babu kantin da zan je in sayo wata a duk faɗin duniya.

A Sudan aka haife ni. Kakanninmu sun fito daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, hanya ta zaunar da su a bakin kogi, ni ne na ƙarasa musu tafiyar na zo Jidda ina saurayi. Wanda ya koya mini sana'a wani tsohon Ba'indiye ne a unguwar Sharafiyya, muna ce masa Usta Gulam, Usta kuwa a nan gwanin sana'a ake ce wa. Tun yana yaro yake yi wa hafsoshin Ingila ɗinki a wata tashar jiragen ruwa, kuma bai yarda da komai ba sai kwat. Jallabiyya a wurinsa ba ɗinki ba ce, buhu ne da aka huda wa wuya. Na daɗe a hannunsa ban taɓa almakashi ba. Aikina guga da farke ɗinki. Zai miƙo mini tsohuwar kwat da reza ya ce in warware ta ƙyalle-ƙyalle, kada zare ɗaya na yadin ya tsinke. In na ci yadi ko kaɗan, ba ya faɗa, sai ya ɗaga wurin saitin fitila ya yi ta kallo har in gwammace ya mare ni.

A wurinsa na koyi abin da ake kira rara. Telan kirki in zai haɗa kwat yana barin yadi kamar faɗin yatsa biyu a ɓoye cikin kowane ɗinki, saboda mutum yana ƙiba, kuma kwat ta gari tana daɗewa fiye da ƙugun mai ita. Kwat ɗin kanti, wadda inji ke yankawa dubu-dubu, ba ruwanta da wannan. Rararta kamar farce take. Ku riƙe wannan, don a kansa na sha wuya.

Da tsohon ya koma ƙasarsu, ni na gaji shagon da almakashinsa, wannan mai baƙin mariƙi da kuke gani, na gaji masu zuwa wurinsa. Yawancinsu Turawan Ingila ne masu aiki a tashar ruwa da asibitoci da filin jirgi, kuma da yawansu tsofaffin sojoji ne. Ba sai sun faɗa ba. Da na ɗora tef a kafaɗar mutum na sani. Farar hula in ka ce ya tsaya, sai ya saki ciki ya karkata gefe ɗaya. Tsohon soja kuwa cak zai miƙe, ƙirji gaba, haɓa sama, sai ka roƙe shi ya yi numfashi.

Kasuwarmu tana buɗewa ne in watan Nuwamba ya matso. A watan suke tunawa da 'yan mazan jiya, sojojinsu da suka mutu a yaƙe-yaƙe. Kowa zai maƙala wani ɗan jan fure na takarda a kwalar kwat, manya da yara, har matan da ba su taɓa ganin bindiga ba, kuma abin da aka tara na sayen furen tsofaffin sojoji ake taimaka wa da shi. Masu lambobin yabo su kawo kwat a gyara. Lambobin nan ƙarfe ne, suna da nauyi, in aka soka su haka kawai sai su ja yadi ya yage. Sai in yi musu 'yan madaukai na zare a ƙirjin hagu, kalar yadin sak, in sa ƙyalle mai tauri ta ciki ya riƙe. In an cire lambobin, ko kai tela ne sai ka shafa kafin ka gane wurin.

Abin da ya ɗaure mini kai da mutanen nan shi ne baki. Kai, Allah Ya yi su da ƙorafi! Suna tsaye ina awo, su zagi gwamnatinsu, su zagi janar-janar, su ce ana tura yara ƙasashen da ba a gayyace su ba. Wani ya ce mini a garinsu akwai tsofaffin sojoji da ke kwana a bakin titi, jama'a na tuna su wata guda su manta da su sauran shekara. Amma ka kuskura ka taɓa sojan da kansa, yaron da aka tura, sai fuska ta canza. Na taɓa yin suɓul da baka na ce sojojinsu 'yan haya ne, wata malamar asibiti da ta gama tsine wa yaƙi a gabana ta dube ni ta ce, "Usta, ka bar yaran nan." Ban ƙara ba.

Cikin masu zuwa akwai aminai biyu. Mista Donal tsohon saje ne, shi ke kula da masu gadin wani kamfani, mutum ne da in ya ga zare ɗaya na reto a hannun riga ba zai iya cin abinci ba. Shi ke shirya taron tunawar kowace shekara a lambun unguwar Turawa, shi ke ajiye zoben furanni a gindin dutsen da suka kafa. Mista Alan kuma injiniya ne a wurin tace ruwan teku, gajere mai faɗin baya, ya yi aikin sojan ruwa yana matashi, har ya je yaƙin wani tsibiri can ƙarshen duniya. Larabcinsa na kasuwa ne, Turancina na awo ne, muna haɗawa mu fahimci juna. Tare suke zuwa, su zauna nan kan bencin nan suna shan shayina suna yi wa juna tsiya.

Shekarar da aka shiga Iraƙi ita ce baƙar shekarata. Turawa suka yi ta kwashe iyalansu, waɗanda suka rage suka daina shigowa cikin gari. Sai in wuni keke bai yi ƙara ba. Kafilina, mutumin da takardar zamana ke hannunsa, ya fara maganar mayar da shagon na sayar da waya. A unguwa kuma ana yi mini gani-gani. Wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Haruna, ana ruwan wuta a kan Musulmi, kai kana yi wa sojojin Nasara kwalliya?" Ni ma kuwa zuciyata tafasa take yi in na kalli talabijin.

A talabijin ɗin nan kuma na ga abin da ban taɓa zato ba. Titunan Landan cike maƙil da mutane, iya ganinka, tsofaffi da masu goyo, riƙe da kwalaye, suna ce wa gwamnatinsu ba su yarda da yaƙin ba. Ashe Mista Alan yana cikinsu, hutu ya ɗauka musamman ya je. Da ya dawo ya kawo mini kwat ɗinsa ya ce in cire madaukan hagu, ya gama sa lambobi. Ga shi kuwa ɗansa tilo, Daniyel, ya shiga soja ba da son uban ba, har uban ya ƙi zuwa bikin yaye su.

A shagon nan aminan suka ɓata. Donal ya ce, "Ɗanka na can cikin rairayi, kai kana yawo da kwali kana karya masa gwiwa." Alan ya ce, "Saboda yana can ne na ɗauki kwalin." Ba ihu, ba nuna yatsa, su ba haka suke faɗa ba. Donal ya ajiye kofi a hankali ya fita. Daga ranar na koma raba musu ranaku, in wannan zai zo gwaji ran Asabar, wancan sai Talata. Haka aka yi shekaru, ba mai ambaton sunan ɗan'uwansa.

Wata ranar Oktoba, bayan la'asar, Mista Alan ya shigo da kwat a cikin leda. Na kwana biyu ban gan shi ba, an ce ya tafi gida. Ya shimfiɗa ta kan tebur, shuɗiya mai duhu da siririn zane fari, da wandonta. Kallo ɗaya na yi mata na san ta kanti ce, kuma ta dogon mutum siriri ce.

Ya ce, "Usta, ina so ta shige ni kafin ranar taro. Ka sa madaukai a dama."

Na yi dariya na ce, "Haba Mista Alan, tsufa ya fara ne? Hagu dai. Ni zan koya maka al'adarku?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanda ya samu lamba da kansa, a hagu yake sawa. In mai lambar ya mutu, danginsa su sa a dama."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tef ɗin ya zame daga wuyana ban sani ba. Duk shekarun da na yi ina ɗinka madaukai, ba wanda ya taɓa kawo mini na dama. Ya ce bam ne a gefen hanya ya kashe Daniyel. Ya ce da jirgi ya kawo gawar, motar ta ratsa wani ƙaramin gari, mutanen garin suka rufe kantuna suka jeru a bakin titi shiru, ba wanda ya san yaron, ba wanda ya umarce su. Kwat ɗin kuma Daniyel ya saya da albashinsa na farko, ita ya sa da yamma a ranar bikin da uban ya ƙi zuwa.

Na yi masa ta'aziyya yadda muke yi. Sannan bakina ya ƙi zama, na ce, "Amma kai da ka tsine wa yaƙin nan a kan bencin can, yanzu lambobinsa za ka rataya?"

Ya ce, "Har gobe ina tsine masa. Yaƙin na masu mulki ne. Yaron nawa ne."

Na juya kwat ɗin na farke shafin ciki kaɗan na duba. Rara babu, sai abin da ba a rasa ba. Na sa ya gwada, ko kafaɗa ba ta hau ba, gaban kuwa tsakanin maɓalli da ƙofarsa ya kai tafin hannu. Na ce masa gaskiya, in sayo yadi irinta in yi masa sabuwa, ba wanda zai gane. Ya ce shi zai gane. Na ce to hanya ɗaya ce, in yanka wandon in ciro ƙari biyu, in tsaga kwat ɗin daga hammata zuwa ƙasa ta kowane gefe in dasa su, in saki ɗinkin tsakiyar baya har ƙarshen abin da yadin zai bayar. Wando zai tafi ke nan har abada, kuma in hannuna ya goce, kwat ɗin ma ta bi shi.

Ya daɗe yana shafa wandon. Can ya ce, "Yanka."

Ku da kuke cewa taka ka ja, ina ma kun ga yadda na yi ta zagaya teburin nan da almakashi a hannu. Na zana da alli na goge, na sake zanawa. Yadi mai zane ba ya yafiya, in layin ƙarin bai haɗu da layin jiki ba, daga nesa za a hango faci. Ga kuma wando ya fi kwat shan guga, kalarsa ta ɗan koɗe a gwiwa, dole in ɗebo daga bayan cinya inda rana da dutsen guga ba su ci ba. Na yi alwala na yi bisimilla, sannan na sa ƙarfe. Ƙarar almakashin nan a cikin ulu, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ƙarin gefe bai ba ni wuya kamar baya ba. Da hannu na ɗinka bayan, keke zai tauna bakin yadin. Na bi shi da ƙananan ɗinki, na manna siririn ƙyalle ta ciki don ya tallafa, amma na san abin da na yi. Bakin yadin da zaren ya kama bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ranar gwajin ƙarshe ta hau shi, maɓalli ya shiga. Hannun ya sauko har ya rufe masa rabin yatsu, na ɗauko alli zan rage, ya janye hannu ya ce, "A'a. Ya fi ni tsawo." Na sa lambobin biyu a dama, suka zauna daram. Sai na ja masa kunne na ce, "Ka ji ni da kyau. In kana tsaye, za ta riƙe ka har ƙarshen taro. Amma kada ka ɗaga hannu, kada ka sunkuya. Ko makullin motarka ne ya faɗi, ka bar shi a ƙasa."

Ya ce, "Tsayuwa kawai zan yi, can baya." Sannan ya ce in zo da allurata ko da wani abu, zai bar sunana a wurin masu gadi.

Haka na shiga unguwar Turawa da hantsi, da jallabiyyata da allura da zare a aljihu, na raɓe jikin wata bishiya. Lambun ya cika. Ga ɗinkina ko'ina, na gane kwat-kwat ɗina ɗaya bayan ɗaya, kowace da jan furenta, ana ta gumi a zafin Jidda amma ba wanda ya kwance maɓalli. Ga Mista Donal a gaba riƙe da zoben furanni, ƙirjinsa na ƙyalli. Ga Mista Alan a layin ƙarshe shi kaɗai. Na lura mutane na satar kallon ƙirjinsa na dama, su sauke ido. Ba wanda ya je ya kama hannunsa yana kuka, yadda mu za mu yi. A raina na ce kai, mutanen nan zuciyarsu dutse ce.

Wani ya busa begila, wata irin busa mai tsawo da ke sauka a hankali. Da ta ƙare sai shiru.

Minti biyu suke yi. Ni na yi zaman makoki ba adadi, na tsaya a sahu bayan gawa a Harami, amma ban taɓa jin shiru irin na mutanen da na san bakinsu ba ya mutuwa ba. Ga malamar asibitin nan, ga wanda ya ce a janye sojoji, ga wanda ya ce a ƙara tura wasu, duk kai a sunkuye. Yara ƙanana sun tsaya ƙyam. Har kukan hankaka daga bakin teku nake ji. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya ga abu mai girma a inda bai zata ba. Idona kuwa na kan bayan Mista Alan. Kafaɗunsa na rawa, layin ɗinkin na miƙewa yana dawowa, ina ta salati a zuci. Ya riƙe. Da aka sake busa begila na ce alhamdu lillahi, halas, an gama, na tsira.

Ashe da saura. Mista Donal ya taka zuwa dutsen kamar yadda ya saba, ya tsaya, sai ya juya. Ya ratsa tsakiyar mutane, suna darewa, har layin ƙarshe. Ya tsaya gaban mutumin da ya yi shekara da shekaru bai ce wa uffan ba, ya miƙa masa zoben da hannu biyu.

Na so in yi ihu. Dutsen nan gajere ne, a ƙasa ake ajiye furannin. Mista Alan ya san haka, don ya ɗan waiwayo ya dube ni a gindin bishiyar kafin ya karɓa. Ya tafi a hankali, hannun kwat ya rufe masa yatsu. Ya isa, ya sunkuya.

Ƙarar ba ta da yawa, amma a shirun nan kowa ya ji. Bayan kwat ɗin ya buɗe daga tsakanin kafaɗu har ƙugu, shafin ciki ya fito fili. Ba zare ne ya tsinke ba, yadin ne da kansa ya saki, kuma na san wannan ba ya komawa yadda yake. Mista Alan ya ajiye furannin, ya dafa dutsen, ya kasa miƙewa. Yana durƙushe a gaban jama'a, baya a yage, kuka ya ci ƙarfinsa.

Ba wanda ya yi motsi, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Duk suka kafe ido a kan dutsen kamar ba su ga komai ba, sai a lokacin na gane kawaici ne suke yi masa. Ni kam na zaro allura na nufi wurin, ban ma san me zan ɗinka ba.

Mista Donal ya riga ni. Mutumin da zare ɗaya ke hana shi cin abinci ya durƙusa da gwiwar wandonsa a kan ciyawa mai laima, ya haɗa bakin yagewar, ya ɗora faffaɗan tafinsa a kai, ya tashe shi tsaye. Suka juyo tare, hannun bai ɗaga ba. Da suka zo daidai inda nake tsaye da allura a hannu, Mista Donal ya dube ni, idanunsa jawur, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Naka ya ƙare, Usta. Saura namu."